Inna Hajara ta hana ni faɗin ƙarshen fim

'Yan uwa, abin da ya faru yau har yanzu yana raina!

Da hutun rana muka fito daga kamfani a Sharaɗa, muka zauna a rumfar mai abinci. Talabijin na nuna wani shirin Turawa: gwamnati tana sace mutane, ta goge musu tunani da na'ura, ta ce wa iyalansu sun mutu. Na taɓa kallonsa, sai nake fassara wa mutane.

Inna Hajara, wadda muke jera kaya a kwali tare, ta ajiye cokali. Ɗanta ya tafi ci-rani shekarun baya, shiru har yau.

A fim ɗin, wani saurayi cikin waɗanda aka sace ya tuno sunan mahaifiyarsa, ya haura katanga, ya kama hanyar gida. Ɗif, aka ɗauke wuta!

Kowa ya yo kaina: "Malama, ya kai gida?"

Ni na san an harbe shi a hanya. Na buɗe baki ke nan, Inna ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Kar ki faɗa, 'yar nan. Na san fim ne. Ki bar min shi haka, yana tahowa."