Na Baya Fa?

Duk wanda ya taɓa jerawa da Kawu Bakur a lungunan unguwar Ammariyya da ke Jidda ya san ba a tafiya da shi in ana sauri. Ya ga dutse a hanya, sai ya tsaya ya kawar. Ya ga ɓawon ayaba, sai ya sunkuya. In ka ce, "Kawu, ai mun riga mun wuce," sai ya harare ka ta saman tabarau ya ce, "Na baya fa?" Ranar ɗaurin aurena ma rabin sa'a aka yi ana jiransa, babana ya rantse ba za a ɗaura ba sai ya iso. Ashe yana can bayan masallaci yana kokawa da murfin kwata da ya goce!

Ƙanen mahaifiyata ne, mai fentin gidaje, shekara arba'in yana hawa tsani daga unguwar Sa'alaba har ta Safa. Da gwiwa ta raba shi da tsani muka ce alhamdu lillahi, Kawu zai zauna. Ina! Sai ya ji wai hukumar da ke kula da filaye da duwatsu tana neman 'yan sa kai, za a farfaɗo da tsohuwar hanyar ƙafa da ta ratsa duwatsun gabashin Jidda saboda masu tattaki. Hukuma ke ba da izini da taswira da fenti da motar ruwa. 'Yan sa kai kuma a raba musu hanyar yanki-yanki, kowa ya share nasa, ya kwashe shara, ya shafa farar alama a jikin duwatsu don kada wani ya ɓata. Ni na yi masa rajista a waya, ni kuma na zama direbarsa duk Asabar ɗin hunturu, ba tare da an nemi shawarata ba.

Ranar farko samari da 'yan mata suka hallara, kowa da takalmi mai tsada da sanduna bibbiyu. Kawu ya fito daga motata da tsohuwar jallabiyarsa ta aiki da silifas. Muhandis Fahad, injiniyan hukumar, saurayi mai ladabi, ya matso a hankali, yana kiransa baffa da Larabci.

"Ya ammi, takalmin nan ba zai yi ba."

Kawu ya mayar masa da Larabci tas: "Kakata daga Katsina ta taso, ba takalmi, ga ƙwarya a ka. Kai tudu ɗaya za ka hau ka riƙe sanda biyu. Yalla, mu je."

Ba mu yi nisa ba silifa ta tsinke. Na ce a raina yau dai Kawu ya ji kunya. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro waya da 'yar filaya ya ɗaure ta. Wato tun daga gida ya san za ta tsinke, shi dai sabuwa ce ba zai saya ba.

Sai kuma maganar fenti, wadda na san ita kuke jira. Farin fentin hukuma ya ƙare masa saura kaɗan ya kammala yankinsa, aka ce sai wani mako za a kawo. Kawu kuwa bai taɓa zubar da ragowar fenti ba a duniya, ƙarƙashin gadonsa gwangwanaye ne fal. Ya jawo wani fenti ruwan hoda mai ɗaukar ido, ragowar ɗakin wata amarya a Safa, ya bi duwatsun nan yana ɗiga musu. Muhandis Fahad ya zo duba aiki ya riƙe kai.

"Ya ammi, mamnu', an hana! Launin hukuma fari ne!"

"Wani ya ɓata?"

"A'a, amma..."

"Ana ganinsa daga nesa ko ba a gani?"

"Wallahi har daga jirgi ma a gan shi."

"To halas, magana ta ƙare."

Amma rigimar gaske a kan taswira aka yi ta. A yankin Kawu, taswirar hukuma ta miƙe sama tsaye ta haye tudu. Tsohuwar hanya kuwa kwana take yi ta ƙasa, ta bi ta gindin wani ƙaton dutse mai inuwa, da bishiyar ƙaya guda a gefensa. Muhandis ya ce kwanar nan ƙarin tafiya ce kawai, an cire ta. Kawu ya ce ba a isa ba. Duk Asabar sai ya share kwanar, duk Asabar sai a tuna masa ba ta cikin taswira. Na ƙosa, wata rana a mota na ce, "Haba Kawu, dutse ne fa! Ka bar mutane su yi aikinsu."

Muka ci gaba da tafiya har muka wuce mahaɗa biyu. Sannan ya ce, "Ya binti, 'yata, a gindin dutsen nan kakata ta zauna. Ta sauka daga jirgin ruwa da tsohon ciki, ta kama hanyar Makka a ƙafa. Ƙafa ta kumbura, ayari ya wuce ya bar ta. Wata tsohuwa ce ta waiwaya, ba danginta ba ce, ko sunanta ba ta sani ba, ta dawo ta zauna da ita har rana ta yi sanyi. Cikin nan babana ne. Da tsohuwar nan ba ta waiwaya ba, da babu ni, babu uwarki, babu ke mai yi mini tsiwa."

Kunya ta rufe ni, wallahi. Shekara da shekaru muna kwaikwayon "na baya fa" muna dariya, babu wanda ya taɓa tambayarsa inda ya samo ta.

Shi kuwa Muhandis, Kawu bai ba shi labarin nan ba, wai ba ya roƙo da kakarsa. Cewa ya yi, "Zo mu bi taswirarka, amma da takuna, kai a bayana, ka ɗauko mini gwangwanayen nan." Tafiyar da Muhandis ke yi cikin minti ashirin sai da ta ci sa'a ɗaya da rabi, rana ta take, babu inuwa ko ta tafin hannu. Da suka gangaro ta kwanar, Muhandis ya zube a gindin dutsen yana haki. Kawu ya miƙa masa gorar ruwa ya ce, "Ka auna hanyar da ƙafarka, ya waladi, ɗana. Yanzu ka auna ta da tawa."

Muhandis ya yi alkawari zai kai maganar gaba, amma ya ce sai kwamiti ya zauna. Kwamiti bai zauna ba har zafi ya shigo aka rufe aiki. Kawu ya kwanta ciwo a wannan bazarar. Duk zuwana asibiti tambaya ɗaya ce: "Taswira ta fito?" Ni kuma in ce tukuna. Ya rasu bai ji amsar da yake so ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Da hunturu ya dawo Muhandis Fahad ya kira ni, na je. Sabuwar taswira ta yi kwana ta gindin dutsen, an rubuta wurin hutawa. Duk alamun ruwan hodar Kawu an bi an shafe da farin hukuma, sai guda ɗaya, wadda ke jikin dutsen mai inuwa. Na nuna masa na ce, "Wannan fa, ba mamnu' ba ce?" Ya juya kai gefe yana goge ido ya ce, "Farin ne ya ƙare mana."

Na zauna a inuwar har ayarin masu tattakin da muka fito tare ya yi nisa. Can sai wata baiwar Allah da ban sani ba ta waiwaya, ta ɗago mini hannu ta tsaya jirana.

Allah Ya jiƙan Kawu Bakur, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai taSa. Yau shi ne a gaba, mu ne na baya. Allah Ya sa mu iske shi a inda ya fi nan.