Yaran da Na Kai Lambu

Kafin na tafi Kuala Lumpur karatun digiri na biyu, shekara tara na yi ina shugabantar wata firamare a bayan Kano, kuma ban taɓa jin kunya a gaban sufeto ba. Da na ji labarin zuwansa sai in aika a aro mini benci daga makarantar da ke kusa, a shafa wa duwatsun bakin ofis farar ƙasa, 'yan aji shidan da ba su iya haɗa baƙi ba kuma a ce su huta a gida sai jibi. Rufin asiri muke ce wa wannan, kuma ni gwana ce a kai.

A zango na uku malamin da ke duba bincikena ya tura ni wata firamare ta gwamnati a unguwar Cheras, in zauna da su wata uku in ga yadda ake tafiyar da ita. Daga Setapak, unguwar da nake zaune, nake tasowa da sassafe, in hau jirgin ƙasa, in canja wani, in ƙarasa da bas. A lokacin gwamnatin can tana jera makarantunta mataki-mataki, bisa sakamakon jarrabawa da abin da masu dubawa suka gani da idonsu. Na sama a yaba musu, a sakar musu mara. Na ƙasa kuwa su ake fara tura wa masu horar da malamai da ƙarin kayan aiki. Duk wannan na karanta shi a takarda, har na rubuta jarrabawa a kai na ci. Makarantar da aka tura ni tana dab da ƙasa.

Shugabarta wata 'yar Malay ce gajeriya, mai saurin tafiya, ba ta son zaman ofis. Ina ce mata Puan, yadda ake kiran babbar mace a can, ita kuma tana ce mini Cikgu, wato malama. Abu ɗaya ne ke ci mata tuwo a ƙwarya, shi ne ajin yaran da suka kai shekara ta uku ba su iya karatu ba. Sun yi wa malama ɗaya yawa, kuma Puan ta daɗe tana rubuta takarda a ƙaro mata ta biyu. A ƙarshe aka ce jami'ai biyu za su zo ranar Laraba su ga ajin, abin da suka rubuta shi za a duba.

Da safiyar Larabar aka kira malamar ajin ofis ta haɗa takardu, ta ce in riƙe mata yaran. Na tsaya ina kallonsu. Na san su ɗaya bayan ɗaya, na san guda tara da ko sunansu suka gani a allo sai sun tsaya tunani. Sai tausayin Puan ya kama ni. Matar da kullum sai ta yi mini tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafar kwakwa daga kantin makaranta, yau in zauna ina gani a kunyata ta a gaban baƙi? Na kira taran nan, na kai su lambun da ke bayan kantin, na raba musu butocin ban ruwa, na ce wa mai kula da lambun ya sa musu ido. Na dawo na janye kujerun da babu kowa, na maido masu dama-dama gaba.

Jami'an suka shigo tare da Puan da malamar. Suka nuna wannan ya karanta, suka nuna waccan. Yaran suna ɗan tuntuɓe amma suna kaiwa ƙarshen layi. Jami'an suna gyaɗa kai suna rubutu. Na ga Puan tana bin ajin da ido, daga nan ta dube ni. Ni a zatona godiya take yi, har murmushi na yi mata.

Da ta raka su mota ta dawo, a baranda ta same ni.

"Cikgu, ina sauran yaran?"

Na gaya mata, har da ɗan alfaharina. Na ce haka muke yi a gida, ba a bari baƙo ya ga ramar mutum.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, da "lah" ɗin da suke rufe magana da shi a can, "Ai yaran nan na kira jami'an su gani, lah. Idan suka rubuta lafiya muke, wa zai aiko mana malama?"

Daga inda muke tsaye ina hango yaran, sun jiƙa takalmansu suna dariya.

Puan ta buga waya, aka ce jami'an sun wuce wata makarantar, in akwai ƙarin bayani a rubuto. Ta rubuta. Ni ma na rubuta tawa takardar, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya yi mini nauyi kamarta ba. Amsar da ta zo ba ta da tsawo: za a sake ziyara a shekara mai zuwa.

Wadda muke zaune gida ɗaya da ita, Bakatsiniya ce mai digiri na uku, ba ta raga mini ba. Ta ce, "Ke kuma wa ya aike ki? System ɗinsu ba irin namu ba ne fa. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi." Na ji haushinta ƙwarai, don ta yi gaskiya. Abin da ya fi damuna ma 'yan aji shidan da nake mayarwa gida ne. Wataƙila ko sufeto ya gan su babu abin da za a aiko mana. Amma shekara tara ban bar shi ya gansu ba ko sau ɗaya.

Puan ba ta kore ni ba. Ta miƙo mini sunayen yaran tara ta ce, tunda na san su haka, ni zan riƙa zama da su Talata da Alhamis muna karatun Ingilishi har in tafi. Na karɓa da hannu biyu.

Ana saura mako ɗaya in gama, wata daga cikinsu, yarinya mai gilashi da ke zama kusa da taga, ta ga wata mota ta shigo harabar makaranta. Ta rufe littafinta, ta miƙe tsaye.

"Cikgu, baƙi ne? Mu tafi lambu?"

Na ce ta zauna, ta dawo kujerar gaba. Ta dawo, ta buɗe littafin, muka ci gaba daga layin da ta maƙale. Har na bar ƙasar ba a aiko malama ta biyu ba.