Tsattsewa a Bututun Hayaƙin Kaneng

Kaneng 'yar Jos ce, ma'aikaciyar jinya. Ta daɗe tana haya a garin Hyattsville, can ƙasar waje, kafin ta sayi wani tsohon gidan jan bulo, irin waɗanda ba a yarda a sauya musu fasali daga waje ba. Komai na gidan ya yi mata, ban da kicin. Da zarar ta ɗora manja, sai hayaƙi ya turnuƙe falo, 'yarta Abby mai asma ta kama tari har sai an ɗauko mata abin shaƙa. Huda bango kuwa babu hali.

Ta kira Katung, ɗan cocinsu mai gyaran gidaje. Ya gano tsohon bututun hayaƙi a bayan kabad. Ya ce a zura bututun ƙarfe a ciki, a kafa fanka a saman murhu, shi ke nan.

Ranar aikin ya hau rufi da tocila, sai ga shi ya sauko yana kakkaɓe wando.

"Maman Abby, ashe kina da 'yan haya, kika ɓoye mana?"

"Waɗanne 'yan haya kuma?"

"Tsattsewa. Sun yi sheƙa a ciki, har da 'ya'ya. Doka ta hana a taɓa su. Amma dai, wa zai gani?"

"Yaushe za su tashi?"

"Sai sanyi ya kawo kai."

Kaneng ta kara kunne a bango, ta ji kukansu ƙasa-ƙasa. Ta tuna ranar da suka gudu daga gidansu na Jos, tukunya na kan wuta.

"A bar su su yi fiffike," in ji ta.

Ta mayar da girki bayan gida, a kan ƙaramin risho. Kullum sai ta taso daga asibiti ƙafa a kumbure, ta tsaya tana tuƙa tuwo, sauro na cizo, wani lokaci da lema a hannu. Abby ta daina tari.

A watan Oktoba bangon ya yi tsit. Ta buga wa Katung waya.

"In suka dawo baɗi suka tarar an rufe, ina za su?"

"Gaskiya ban sani ba, Maman Abby."

Ƙanƙara na tafe, girkin waje ba zai yiwu ba, ƙirjin yarinya kuma ba zai jira ba.

"To," ta ce a hankali. "Ka zo ranar Asabar."