Mai Yatsu Uku Ya Sayi Ingarma

Direban motar ɗaukar dawaki yana jingine da ƙofar barga, yana kallon mutumin da ya zo sayen ingarma. Tsoho ne gajere, haɓarsa a karkace, yatsu uku kacal a hannun damansa. Direba yana rayawa a ransa, wannan kam dawaki ne suka yi ta gutsurarsa tun yana saurayi.

An gama ciniki, takardar asalin dokin tana aljihun tsohon, amma ingarma ya ƙi hawa mota. Mai gidan da ya sayar da shi yana ta zabga masa bulala, a wuya, a ciki, har a ido. Jini yana bin farin gashin dokin.

Tsohon ya tako a hankali, ya fizge bulalar, ya shauɗa wa mai gidan guda ɗaya a fuska. Leɓe ya fashe.

"Baba! A cikin gidana?"

"Gida naka ne, ɗana. Doki nawa ne."

Ya juya ya kama ragamar dokin, wanda jikinsa ke ɓari. Ingarma ya kafa masa haƙora a kafaɗa, ya girgiza shi kamar tsumma. Tsohon ya durƙusa, ya sake miƙewa, bai saki igiyar ba. Yana yi masa magana ƙasa-ƙasa a kunne, rigarsa tana jiƙewa da jini.

Direba ya rugo. "Baba, mu tafi asibiti! Wannan dokin mugu ne!"

"Kai, rage murya," in ji tsohon, yana shafa wuyan dokin. "Ba ni ya yi niyyar cizo ba. Ni dai na fi kusa ne."