Ɗan Farin Tsurumbai

Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ni mace ce mai saurin baki da saurin hannu. Duk unguwarmu a Dutsin-Ma an san haka. Wadda ta kawo mini ɗinki ta dawo tana cewa wuyan bai zauna ba, sai ta ji abin da zai hana ta barci. Amma bakin nan nawa da ba ya shayin kowa, akwai kalma guda da ya yi shekara ashirin da uku bai furta ba, ita ce sunan 'yata ta fari.

A gidanmu na Wurma kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, ita ta kafa dokar, mu kuma muka taso muka tarar. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ki kau da kai wani ya ɗaga shi. Ina da shekara goma sha tara na haife ta. Ko nono zan ba ta sai na juya wa ƙofa baya. Da ta isa yaye, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo ta goya ta ta tafi da ita Wurma, aka ce wata biyu za ta yi. Wata biyun nan ya zama shekara bakwai. Ban taɓa cewa a dawo mini da ita ba, don kada a ce ba ni da ta ido. Kuka kam na sha shi, amma a banɗaki, inda ba mai ganina.

Bayanta na haifi namiji, na kuma haifi mace. Waɗannan na goya su, na yi musu tawai, na kira sunansu har maƙwabta suka gaji da ji. Tana da shekara tara mahaifinta, wanda yake fataucin hatsi, ya ce makarantar gari ta fi, ya je ya ɗauko ta.

Yarinya ce doguwa, marar hayaniya, mai son shara kamar an yi mata wahayinta. Yaya take ce mini, domin abin da ta ji ƙannena na Wurma suna kirana ke nan. Ni kuma in ce “ke,” ko in aiki ƙanenta da ke tsaye kusa da ita in ce, “Ka ce wa yayarka ta ɗauko mani almakashi.” Kayan Sallarta sun fi na kowa kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Nakan farke hannun rigarta sau uku in sake. Sai dai ban taɓa ɗora mata tef a kafaɗa ba, da ido nake auna ta in ta wuce.

Wata ranar Asabar mahaifinsu ya kai su madatsar ruwa ta Zobe wajen wani amininsa mai noman rani. Suka dawo da albasa da tumatir da ƙafafu duk laka. A can ne ƙaramin ya ga wasu ƙananan ramuka a bakin ruwa ya tambayi ko na mene ne, ita kuma ta ce masa gidajen tsurumbai ne. Babu wata halitta mai wannan suna, na tambayi Inna daga baya ta ce ita ma ba ta taɓa ji ba. Daga kan yarinyar nan suka fito, da ƙafafunsu da komai.

Kekena na ɗinki yana bakin taga ne, tagar kuma tana kallon gindin darbejiyar da suke zama in sun dawo daga Islamiyya. Nan take ba su labarin kullum da la'asar, kaɗan-kaɗan, ni kuma ina ji. Tsurumbi bai fi ɗan tsako girma ba, in ji ta, ƙafarsa uku, kunnuwansa dogaye kamar ganyen albasa. Ba ya cin kifi, inuwar kifi yake ci, shi ya sa kifin Zobe wani ba shi da inuwa.

Abin da ya fi kama yaran shi ne yadda suke haihuwa. Ta ce tsurumbai ba sa yin ƙwai, ba sa kuma ɗaukar ciki. Idan ruwan farko na damina ya zo da ƙanƙara, sai matan su fito bakin rami su buɗe baki. Wadda ta cafe ƙanƙara guda sai ta ajiye ta ƙarƙashin harshe, ta yi kwana arba'in ba ta ce uffan ba, don in ta yi magana ƙanƙarar za ta narke, shi ke nan sai wata shekara. Mijin kuwa a kwanakin nan sai ya yi ta tsokanarta yana cewa miyarta ba gishiri, don ya san ba halin ramawa. Ran arba'in sai atishawa ta zo mata, jariri ya faɗo.

Ranar da na ji wannan sai da na cire ƙafa daga kan keke na toshe bakina da atamfar mutane. Na ce a raina, wannan kai ina ta samo shi? Alfahari ya cika ni. Ban fita na gaya mata ba.

Kashegari ta ci gaba. Jaririn tsurumbi, in ji ta, garau yake faɗowa kamar ruwan randa, ba shi da launi ko kaɗan. Kiran uwa ne yake ba shi launi. Duk sanda ta kira sunansa sai launi ya ɗan hau, daga ƙafa yake farawa. Wadda take kira da faɗa ɗanta ja yake zama, wadda take kira da lallashi nata kore. Ƙaramar ta ce to su jajaye ne ke nan, suka fashe da dariya, ni ma na murmusa duk da ni ake nufi. Kafin launin ya kai gwiwa jaririn da baya-baya yake tafiya. A cikin ɓawon katantanwa ake kwantar da shi, raɓar da ta maƙale a saƙar gizo ita ce nononsa. Ranar da launi ya kai kunne ake yaye shi, ranar ce kuma yake fara jin maganar kifi.

Kusan mako biyu muna haka, su a waje ni a ciki. Har na fara rage gudun keke da la'asar don kada ƙararsa ta hana ni ji.

Sai ranar da yayar mijina ta zo. Hajiya ce mai faɗa a ji a danginsu, ga ta da dariyar da in ta yi maka sai ka ji kamar an tuɓe ka a kasuwa. Ta kawo leshi a ɗinka mata, ta zauna kusa da ni tana fifita. Yaran suna waje kamar kullum. Muka ji ƙaramin ya tambaya:

“To in uwar ba ta kira shi ba hwa?”

“Ai na hwari ba a kiranshi,” in ji ta. Muryarta ba ta canza ba, kamar mai faɗin farashin gishiri. “Shi haka nan shike zama kamar ruwa. Uwar ba ta ganinshi.”

“Muguwa ce?”

“A'a, ba mugunta ba ce. Ba ta ganinshi ne kawai. Sai kakar, ita da idonta ya yi rauni, da hannu take lalubo shi ta kwantar da shi.”

Ƙaramar ta ce, “Ba ya jin haushi?”

“Ba ya ji. Shina bin uwar duk inda ta tahi. Ko ta taka shi ba ya kuka, don kada ta tsorata.”

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na gane maganar sarai, ba zan ce ban gane ba. Da ni kaɗai ce a ɗakin, Allah kaɗai ya san abin da zan yi, wataƙila kuka. Amma Hajiya ta ajiye mafici ta dube ni ta gefen ido, ta yi dariyar nan tata.

“Ikon Allah! Kin ji ɗiyarki na yi maki habaici da rana tsaka. Halan so take ki goya ta?”

Kunya ta rufe ni, kunyar kuma ta juye ta zama fushi, yadda ta saba yi mini. Ban san sanda na fita ba, tef yana rataye a wuyana.

“Ke! Wa ya ce maki ana tatsuniya da rana? Ƙarya za ki zauna kina koya wa yara? Abin da aka koya maki ke nan a ƙauye?”

Na ranƙwashe ta a tsakiyar kai, da ƙarfi, har yatsana ya yi zafi. Na ce ta tashi ta wanke kwanoni. Kwanonin nan ta riga ta wanke su tun azahar, ni da ita duk mun sani. Ta tashi ta kwaso su daga kwando ta sake wanke su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuka ba. Na koma na zauna, Hajiya tana cewa haka ake yi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Leshinta kuwa na ɓata shi a wuya, sai da na nemo wani ƙyalle na yi dabara.

Daga ranar ba a sake labarin ba. Ƙanenta ya yi ta roƙo, ta ce masa sun yi ƙaura. Ni kuma da la'asar sai in taka keke da ƙarfi, ba abin da zan saurara. Sau nawa na shirya abin da zan ce mata, sau nawa ta shigo da tsintsiya na buɗe baki sai in ji na ce, “Ke, ki share ƙarƙashin gado.”

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, sai ta samu mahaifinta, ba ni ba, ta ce Inna ƙafa ta dame ta, ba mai ɗebo mata ruwa, tana so ta koma Wurma ta zauna. Ya zo ya tambaye ni ra'ayina. Kalma ɗaya zan faɗa ta zauna, ya ma fi son ta zauna. Na ce, “Duk ɗaya.” Wannan ita ce ƙarya mafi muni da na taɓa yi, kuma ni da na ranƙwashi yarinya a kan ƙarya. Ranar tafiya na saka mata sababbin riguna biyu a ƙasan jakarta ba tare da ta gani ba. Na raka ta bakin zaure, ɗan acaba yana jira ya kai su tasha. Na ce ta gai da Inna, ta ce to.

A can ta ƙarasa firamare, ta yi sakandare a Kurfi, ta yi aure a Kurfin. Tana zuwa da Sallah, ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi shara, ta koma. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ma ta yi, da na samu inda zan kama.

Bara ta haihu, namiji. Inna ta riga ta rasu, don haka ni na tafi Kurfi na zauna mata wankan jego. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Tun ran suna yarinyar nan take kiran ɗanta da sunansa gatsal, a gaban surukarta, a gaban kowa. Ta ɗaga shi sama, ta sumbace shi, ta kira, ta sake kira, ko barci yake yi. Wata tsohuwa a dangin mijin ta matso kusa da ni ta ce in yi wa 'yata faɗa, ɗan fari ne fa, ina kunya? Na ce mata ɗan na 'yata ne ko na maƙwabta, ta bar yarinya ta kira abinta. Na ƙara da wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. Ranar dai bakina ya yi aikin kirki sau ɗaya.

Amma kare ta a gaban mutane abu ne mai sauƙi, faɗa ne, na iya shi. Wanda ya gagare ni yana nan. Na yi kwana arba'in a gidan ina ce mata “ke.” Ranar da zan koma Dutsin-Ma na haɗa kayana tun da hantsi, na shiga banɗaki na gwada sunan a hankali sau uku, ya fito a karkace kamar ba da Hausa ba. Na ce ko a karkace ne yau sai ya fita.

Tana tsakar gida tana shanya kayan jariri a igiya, ta ba ni baya. Ba kowa a gidan sai mu. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, na kira ta da sunanta.

Ba ta waiwayo inda nake ba. Zaure ta duba, ta ce, “Maraba, a shigo mana.” Da ta ji shiru ta ajiye rigar da ke hannunta ta je ta leƙa waje, ta duba dama da hagu, ta dawo.

“Yaya, ba ki ji kamar an kira ni ba?”

Na ce, “Ni ce.”

Ta tsaya tana kallona. Sai ta goge hannunta a zani, ta matso a hankali, ta durƙusa a gabana, kanta a ƙasa.

“Yaya,” in ji ta, “wani laihi na yi?”