Anti Muniratu da Takardar da Muke Cikawa da Alhamdulillahi

Kafin gari ya gama wayewa Anti Muniratu ta riga ta idar da sallar asuba, ta jefa safar hannu da man shafawa da ƙaramin tawul a jaka, ta gangara tashar jirgin ruwa ta St. George. Ta tsallake ruwa, ta taka zuwa jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ya kwaso ta tun daga gindin Manhattan har Bronx. Shekara ashirin da uku tana wannan sintiri. Mutanen da take ratso ruwa dominsu ba masu warkewa ba ne. Likita ya riga ya ce magani ya kai iyakarsa, a mai da su gida a lallaba su har wa'adi ya cika. Wannan kulawar ƙarshe ita ake kira hosfis a nan, kuma kamfanoni ne ke yin ta. Su turo nas mai duba ciwo da kawo magani, su turo mai yi wa marar lafiya wanka da juya shi a gado. Anti Muniratu mai wanka ce. A jerin ma'aikata ita ce ta can ƙasa, amma a ɗakin jinya idan ƙofa ta motsa ita ake fatan gani.

Watan jiya aka raba ta da aikin. Kamfanin ya ce ritaya ta yi. Ba walima, ba ko katin sallama, kuma a cikinmu da muka ci moriyarta ban ji wanda ya ɗaga murya ba. Na ɗauki alƙalami ne don in jinjina mata tun tana raye, kuma don ina da hannu a abin da ya same ta.

'Yar zangon Kumasi ce, gajeriya, gwiwoyinta sun fara yi mata gardama, bakinta kuwa bai taɓa koyon kwana-kwana ba. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Idan iyali za su zaɓi kamfani, waya suke buɗewa su ƙirga taurarin yabo da aka ba kowane kamfani. Ita dariya taurarin ke ba ta. In ta shiga ɗaki, dugadugan marar lafiya take fara ɗagawa, don can ne fata ke fara ɓarewa idan ba a juya mutum. Sai ta duba leɓe, ko ana jiƙa shi. Ta sha gaya wa iyalai cewa kafin su sa hannu su kira lambar kamfanin ranar Lahadi da rana, su ga ko mutum zai ɗauka ko na'ura. Ba mu ji ba, saboda mai wanka ce ta faɗa.

Taurarin nan kuwa daga bakinmu suke fitowa. Kamar wata biyu bayan rasuwa ana aiko wa iyali takardar tambayoyi. Shin an zo lokacin da kuka kira? An rage masa ciwo? An mutunta shi? Za ku ba wani shawara ya ɗauki wannan kamfani? Da amsoshin ake auna su, da su kuma na baya ke zaɓa.

Shekara uku ke nan da Ummata ta kwanta a gidana a Morris Heights, ciwon daji ya cinye ta. Mako bakwai muka yi a hannun kamfanin da Anti Muniratu ke wa aiki, ba zan kama sunansa ba. Na roƙe su mace za su riƙa turo mana. Sau biyu suka turo ƙaton namiji ya yi wa tsohuwa 'yar shekara saba'in da takwas wanka. Umma ta ja bargo har wuya, ta juya fuska bango, ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba. Nas kuwa sai ranar da ta ga dama. Saura kwana tara Umma ta cika aka canjo mana Anti Muniratu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta yaye bargon daga wajen ƙafa. Dugadugan Umma duka biyu sun zama gyambo, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban sani ba.

"Najat, zo ka gani," in ji ta. "Wannan ba ciwon ne ya yi ba koraa, ko kaɗan. Rashin juyawa ne. In fom ya zo, ka rubuta abin da idonka ya gani."

A kwana taran nan ta wanke Umma kamar jaririya, ta tsefe mata kai, ta gyara gadon ya fuskanci alƙibla ba tare da kowa ya ce mata ba. Umma ta tafi da tsabtarta.

Takardar ta zo. Gwaggona na zaune lokacin da na buɗe, na karanta mata, na ce zan rubuta zancen gyambon. Ta riƙe haɓa.

"Me za ki tona, 'yar nan? Kwananta ne ya ƙare. Ko likitocin duniya aka tara mata ba za ta ƙara minti ɗaya ba. Ki ce Alhamdulillahi ki bar ta ta huta."

Na ce Alhamdulillahi. Na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya ina zaɓar mafi kyau. An zo a kan lokaci? Kullum. An mutunta ta? Kullum. Na ba su goma bisa goma, na liƙe ambulan, har ina jin na yi abin da mai imani ke yi.

Wannan ita ce cutarmu, kuma ba gwaggona kaɗai ke ɗauke da ita ba. Mun ɗauka duk wanda ya ce nas ba ta zo ba, jayayya yake yi da hukuncin Allah. Ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma gyambon dugadugai ba ajali ba ne, wani ne aka ɗauka aikin juya tsohuwa bai juya ta ba. Maƙwabtanmu na wasu ƙabilu in an yi musu haka, sai kamfani ya ji a jikinsa. Mu kuwa a wulaƙanta mana uwa, mu bi su da godiya a rubuce. Shi ya sa kamfanin da ya fi kowa sakaci yake ƙyalli a unguwarmu kamar sabon kwano.

Bara ciwo ya kwantar da Malam Issoufou, mutumin Maraɗi mai shagon gero da busasshen kifi a University Heights. Mutum ne da ko yaro ya yi masa ɓarna a shago ba a jin muryarsa daga waje. Da likitoci suka ce a koma gida, matarsa Balki ta tare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wayarta a hannu.

"Najat, waɗanga mutane da sunka kula da Umma, yaya aikinsu? Na ga tamrarinsu da yawa, amma ke kin gani da idonki."

Mata na kewaye da mu, ana ta gaishe-gaishe. Na ce, "Alhamdulillahi, sun yi ƙoƙari." Ranar Litinin ta sa hannu.

Allah ya sa Anti Muniratu aka tura gidan. A mako na biyar, ranar Juma'a da la'asar, maganin kashe ciwon Malam Issoufou ya ƙare. Nas ɗin da za ta kawo ba ta zo ba. Balki ta kira lambar da aka ce a kira ko yaushe, na'ura ta ce ta bar saƙo. Ta bari. An riga an ja mata kunne kada ta kira motar asibiti, kamfanin za ta kira, shi ma maigidan ya roƙe ta kada a sake fitar da shi daga ɗakinsa. Asabar da Lahadi ba ranakun aikin Anti Muniratu ba ne, amma Balki na kiranta ta kama hanyar jirgin ruwa. Ba ta da izinin ba da ko ƙwaya ɗaya. Abin da ke hannunta shi ta yi: ta jiƙa masa leɓe, ta juya shi duk bayan awa biyu, ta tallafe masa kai, hannu ɗaya kuma yana kan waya tana kiran duk wata lamba da ta sani a ofis. Maƙwabta sun ce daga matakala ake jin nishinsa. Idan abin ya ɗan lafa sai ya ce a ba mutanen bene haƙuri, ya dame su. Ranar Litinin da hantsi ya cika. Nas ta iso da azahar, da magani a jaka.

Ke ce kika tsallake ruwa sau shida a kwana ukun nan, Anti, ba wanda ya aike ki. Ke ce kika ji abin da mutumin nan ya ji, tunda a kan hannunki ya ji shi. Uwar marasa gata, mai hannun sanyi. Mu da muke taƙama da zumunci sai da aka ce an yi rasuwa muka cika gidan da kulolin abinci.

Balki na cikin takaba takardar ta iso. Ba ta karanta Turanci, kuma takardar ba ta zuwa da Hausa, sai ta kira wadda ta yarda da ita. Dokar aikin ta hana ma'aikaci zama da iyali a kan wannan takarda, don kada ya sa su yabi kamfani. Anti Muniratu ta san dokar sarai, ta kuma san abin da zai biyo baya idan ofis ya ji. Balki da bakinta ta ba ni labarin zaman.

"Maman Shamsiya, an hana ni in taɓa wannan fom," in ji Anti, da sunan 'yar Balki take kiranta. "Amma in ban karanta maka ba, wa zai karanta? Na fari, sun ce, da ka kira a wikend, an zo?"

"Anti, mi za ni ce? Mutum ya riga ya tahi. Ki sa musu mai kyau, mu bar su da Allah."

"Allah ya gani, ba shi bukatan fom. Wannan ba na Malam ba ne, shi ya gama nasa. Na wanda ke bayansa ne a layi. An zo, ko ba a zo ba?"

Balki ta ce ta yi kuka har ɗankwalinta ya jiƙe, sannan ta ce ba a zo ba. Haka suka bi tambayoyin har ƙarshe, Anti na karantawa, Balki na zaɓa da hannunta.

Bayan Anti ta tafi, Balki ta ga ɗan fili a ƙasan takardar. Tarbiyyar gida ba ta bar ta ta rufe ambulan ba tare da godiya ba. Ta rubuta da Faransancinta cewa Madam Muniratu ce kaɗai ta tsaya musu, har wannan takarda ita ta zo ta karanta mata, Allah ya saka mata da alheri.

Wannan godiyar ce ta kai Anti gaban shugabar ma'aikata. An fassara layin, an ajiye mata a kan tebur. Aka tambaye ta ko ta san doka, ta ce ta sani. Aka ce ta zaɓa, ko ta sa hannu a takardar ritaya ko a ɓata mata takardar shaidar aiki. Ta sa hannu. Dokar da aka kafa don hana ƙarya, da ita aka kori mace ɗaya tilo da ta sa aka faɗi gaskiya. Wanda ya bar waya tana ƙara kwana uku yana nan kan kujerarsa.

Mu kuma me muka yi? A wurin wani suna na ji da kunnena ana cewa ita ma da shisshigi, me ya kai mai wanka ga takarda. Wadda ta faɗi haka, Anti ce ta rufe wa mahaifinta ido.

Ranar Asabar da ta wuce na hau jirgin ruwan na je gidanta. Na same ta ta miƙe ƙafa tana shafa wa gwiwa man zafi. Na zayyana mata komai, goma bisa goman da na bayar da amsar da na ba Balki a ƙofar masallaci. Na ce ta yafe mini. Ta ajiye man zafin a gefe.

"Ni mi ka yi mani? Aiki ne, na gaji da shi paa, sosai. Ba wurina za ka zo ba, Najat. Ka san ƙofan da za ka buga."

Na buga ƙofar washegari. Balki ta saurare ni har na gama, ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko na san zancen gyambon Umma ranar da ta tare ni. Na ce na sani.

Anti Muniratu, mun gode. Mun gode da wankan da kika yi wa iyayenmu lokacin da mu 'ya'yansu muke kawar da kai, mun gode da aikin da kika sadaukar saboda mutanen da ba ki ma san su ba tukuna. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya haɗa ki da mai hannu irin naki ranar da taki ta zo.

Ku kuma 'yan'uwa, na san akwai gidajen da takardar nan ke kwance a kan firji yanzu haka. Ku yi Alhamdulillahinku a kan dadduma, can ne muhallinta. Idan kun ɗauki biro, ku rubuta ko an zo ko ba a zo ba. In wata ta tare ku a ƙofar masallaci, ku ja ta gefe ku gaya mata abin da kuka gani, ko da kunya za ta kashe ku. Ni kalma uku na faɗa, "sun yi ƙoƙari," don in rabu da mutane lafiya, Malam Issoufou ne ya kwanta a kansu kwana uku babu magani.