Daga Hantsi Zuwa La'asar

Har yau idan jirgi ya ratsa ta saman gidana, Iya nake tunawa, kakata ta wajen uba. Ƙauyenmu yana bayan Ungogo, daidai inda jirage ke yin ƙasa-ƙasa kafin su sauka a Kano. Kaji su watse, Iya kuwa ta tsayar da taɓarya ta ɗaga kai har ƙarar ta ɓace.

Mu biyu ne a gidan. An ba ta ni don in ɗebe mata kewa, amma ban ga kewar da na ɗebe ba. Mijinta ya tafi Makka a ƙasa tun babana yana goye, bai dawo ba. Sau biyu aka kawo saƙo cewa yana raye a Jidda. Duk wanda ya tayar da zancen, amsarta ɗaya ce: "Hanya ce da nisa. Shekara uku ya yi kafin ya kai, yanzu ga tsufa."

Bayan kowane girbi takan ware damin gero guda a rumbu, na Malam, mijin nata, kada ya dawo ya tarar ba nasa. Shekarar da ruwa ya ɗauke, muka koma kan tafasa da rama, amma damin nan ba ta taɓa shi ba. Ba zan ɓoye muku ba, na tsani tsohon nan da ban taɓa gani ba.

A shekarar ne mai unguwarmu ya dawo daga aikin hajji. Muka je karɓar dabino, ni kuwa bakina ba ya shiru.

"Baba Alhaji, wata nawa kuka yi a hanya?"

Ya yi dariya. "Wane wata, 'yar nan? Ko awa biyar ba a cika ba. Da hantsi muka tashi, la'asar a Jidda muka yi ta."

Da gudu na koma gida, a zatona albishir na ɗauko. "Iya, ashe kusa ne! Daga hantsi zuwa la'asar!"

Ta dube ni, ta ce, "Dawowar ma haka take?"

"Haka ya ce."

Ta jingina tsani a rumbu, ta sauko da damin Malam, ta sussuke shi. Ranar na ci tuwo har na ture kwano, ita ko loma ba ta kai baki ba. Daga nan jirgi bai sake sa ta ɗaga kai ba.

Yanzu gonakinmu duk sun zama gidaje. Bara na yi tafiyar Jidda da kaina a jirgi, allon kujerar gabana yana nuna kilomita dubu uku da ɗoriya. Aka kawo abinci, na kasa ci. Iya ta rasu ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba. Amma da ina da iko, da na mayar mata da shekara ukun nan, na ci gaba da cin tafasata.